Coci ɗaya, hasumiya biyu: yadda 'yan zuhudu da mutanen gari suka raba gini a Wymondham

Tambaya: "Ina karatu a Norwich da ke Ingila. An kai mu wani ƙaramin gari da ke kusa, Wymondham, na ga wani tsohon coci mai hasumiya biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, ta gabas ɗin kuwa kango ce, ko rufi babu. Ana kiran wurin Abbey, wato gidan 'yan zuhudu, amma kuma an ce mana cocin mutanen gari ne tun asali. Ta yaya gini ɗaya zai zama na 'yan zuhudu kuma na gari? Me ya sa aka rushe rabi aka bar rabi?"

Abin da kake tambaya kashi biyu ne: wa ke da wane ɓangare na ginin, sannan me ya sa wani ɓangare ya tsira a ƙarni na 16 wani ya tafi. Amsarsu ɗaya ce. Ginin da ka gani ba coci ɗaya ba ne a idon shari'ar zamanin, coci biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowanne da masu shi, da bagadensa, da ƙararrawarsa, da aljihun da ake gyara shi daga ciki. Da Sarki Henry na Takwas ya ƙwace dukiyar 'yan zuhudu, abin da yake nasu kawai ya iya ɗauka. Abin da yake na gari ya zauna a hannun gari.

Yadda aka faro

A shekarar 1107 William d'Aubigny, wani basarake daga cikin mutanen Normandi da suka mallaki Ingila bayan yaƙin 1066, ya kafa gidan zuhudu a ƙasarsa ta Wymondham, kimanin kilomita 15 kudu maso yamma da Norwich. Muƙaminsa a fada shi ne mai shayar da Sarki Henry na Ɗaya, kuma a lokacin wannan babbar sarauta ce. Ya kawo 'yan zuhudu masu bin ƙa'idar Benedict daga babban gidan St Albans da ke arewa da Landan, inda wani Richard d'Aubigny, wanda ake cewa danginsa ne, yake shugabanci. Saboda haka Wymondham bai fara a matsayin gida mai cin gashin kansa ba. Reshe ne. Shugaban St Albans ne ke naɗa masa shugaba, shi ke cire shi, shi ke tura 'yan zuhudu can ya kuma janye su.

Garin kuwa yana da cocinsa tun kafin zuwan Normandawa. Abin da William ya yi shi ne ya gina katafaren coci guda mai siffar gicciye, ya ce gabashinsa na 'yan zuhudu ne, mutanen gari kuma su yi ibadarsu a babban zauren yamma. An gina cikin bangon da tsakuwar ƙanƙara ta yankin, aka lulluɓe fuskarsa da farin dutse da aka yi jigilarsa ta teku daga Caen a Normandi, domin Norfolk ba ta da dutsen sassaƙa mai kyau. Ginin farko yana da hasumiya a tsakiyar gicciyen da wasu tagwaye a fuskar yamma. Babban zauren yana da tazara goma sha biyu tsakanin ginshiƙai. Yau tara suka rage, kuma za mu zo kan dalilin.

Kuskuren William shi ne bai rubuta iyaka ba. Ya ɗauka zaman lafiya zai wadatar. Amma buƙatun ɓangarorin biyu ba su jitu ba tun daga tushe. Ɗan zuhudun Benedict yana da lokutan addu'a takwas, bakwai da rana ɗaya cikin tsakar dare, yana son shiru, yana son ƙofa a rufe, yana kuma son zagayen ibada da yake yi ranar Lahadi ya ratsa ko'ina cikin coci ba tare da an tare masa hanya ba. Mutumin gari yana son a yi wa jaririnsa baftisma, a ɗaura masa aure a bakin ƙofa, a buga ƙararrawa idan ya yi rashi, ƙungiyar sana'arsa ta sami bagadenta da kyandirorinta. Babban taron coci na Lateran a 1215 ma ya wajabta wa kowane baligi ya yi ikirarin zunubi a gaban limamin farish ɗinsa, wato yankin da cocin garinsa ke kula da shi, aƙalla sau ɗaya a shekara, ya karɓi jibi lokacin Ista. Ke nan ba shi da zaɓin ya bar wa 'yan zuhudu ginin ya koma wani wuri.

Kuɗin da ke ƙarƙashin maganar

Kafin a fahimci faɗan hasumiya sai an fahimci ushiri. Kowane farish a Ingila ta wancan zamani yana karɓar kashi ɗaya cikin goma na amfanin ƙasarsa. An kasa shi biyu. Babban ushiri shi ne hatsi da ciyawar dabbobi da itace. Ƙaramin ushiri shi ne 'yan raguna, ulu, madara, ƙwai, kaji, zuma da kayan lambu. Wanda ke da haƙƙin karɓar wannan duka shi ne rekta, mai cocin a shari'a.

Tun daga ƙarni na 12 sarakuna da masu ƙasa suka riƙa ba gidajen zuhudu coci-cocin da ke ƙasarsu a matsayin sadaka. Da farko abin da ake bayarwa haƙƙin gabatar da limami ne ga bishop. Daga baya gidan zuhudun kan nemi izini ya zama shi kansa ne rekta. Idan aka amince, gidan ya kwashe babban ushiri, sannan ya ajiye wani limami a matsayin na'ibi, wanda takardun ke kira vicar, ya bar masa ƙaramin ushiri da abin da ake ajiyewa a bagade da gidan zama. Bambancin ba kaɗan ba ne: hatsi shi ne dukiyar, sauran ɗan abin miya ne. Shi ya sa taron 1215 ya yi umarni a ba na'ibai rabo mai isa, majalisar Ingila kuma ta yi doka a 1391 cewa duk cocin da za a miƙa wa gidan zuhudu sai an ware wa matalautan farish wani abu an kuma tanadar wa na'ibi abin rayuwa. Zuwa lokacin Henry na Takwas kusan kashi ɗaya cikin uku na farish-farish ɗin Ingila suna hannun gidajen addini ta wannan hanya.

Akwai kuma al'adar gyara. Rekta ne ke da alhakin sashen gabas inda babban bagade yake. Mutanen farish ne ke da alhakin babban zaure, da hasumiya, da ƙararrawa, da katangar maƙabarta. A ƙauyukan Norfolk da Suffolk za ka sha ganin zaure mai tsayi da manyan tagogi, a jikinsa kuma wani ɗan guntun sashen gabas mai ƙasƙantaccen rufi. Sau da yawa idan ka bincika za ka tarar rektan wani gidan zuhudu ne mai nisa wanda bai ga dalilin kashe kuɗi a can ba, mutanen gari kuwa masu arzikin ulu ne.

A Wymondham abin ya fi haka tsanani, domin rektan ba ya nesa. Yana bayan bango. Manomi yana kai damin hatsinsa rumbun 'yan zuhudu, sannan ya dawo a karɓi kuɗinsa don gyaran rufin zaure, sannan a ce masa kada ya buga ƙararrawa don masu gida suna barci. A ganina duk wanda ya karanta wannan rikici a matsayin ƙiyayya ga addini bai karanta shi daidai ba. Mutanen nan sun zuba dukiyarsu a cocin fiye da yadda doka ta nema. Ikon wurin suke so.

Hukuncin 1249 da abin da ya biyo baya

Rigima ta yi ta tashi har ta kai Rum. A 1249, zamanin Fafaroma Innocent na Huɗu, aka yanke rabo. Gari ya sami babban zaure, da zauren gefe na arewa, da hasumiyar arewa maso yamma. 'Yan zuhudu suka sami duk gabas, da hannuwan gicciyen biyu, da zauren gefe na kudu, da hasumiyar kudu maso yamma.

Rabon yana da hujja a ƙasa. Farfajiyar 'yan zuhudu, wadda ɗakin kwanansu da na cin abincinsu da na taronsu suke kewaye da ita, tana manne da kudancin coci, don haka zauren kudu hanyarsu ce. Gari kuma yana arewa da gabas, ƙofar arewa ita ce tasu. Matsalar ita ce an raba ginin a tsaye da kuma a kwance lokaci guda, kamar gidan gado da aka ba wani ɗaki aka ba wani zaure amma ƙofa ɗaya ce. Duk gyaran da ɗaya zai yi sai ya taɓa na ɗaya.

Haka kuwa aka yi. A ƙarshen ƙarni na 14 tsohuwar hasumiyar tsakiya ta fara barazanar faɗuwa. 'Yan zuhudu suka sauke ta, amma ba su mayar da sabuwa a gurbinta ba. Suka matsa yamma, suka ci gabashin zauren mutanen gari, suka kafa hasumiya mai kusurwa takwas a can. Ita ce kangon da ka gani. An gama ta wajen 1409. Bangonta na yamma suka yi shi toshe tun daga ƙasa har sama, sai 'yan ƙananan ƙofofi, ya raba cocin gida biyu. Daga ranar mutumin gari ya daina hango bagaden 'yan zuhudu, nasa bagaden kuma ya koma jingine da bango marar taga. Nan tazarar ginshiƙai ta ragu daga goma sha biyu zuwa tara.

Sai maganar ƙararrawa. 'Yan zuhudu suka tattara ƙararrawa a sabuwar hasumiyarsu, suka toshe hanyar hawa tsofaffin na yamma. Ƙararrawa a wancan zamani ita ce agogon gari, ita ce shelar mutuwa, ita ke kiran mutane idan gobara ta tashi. Wanda ya riƙe igiyarta ya riƙe lokacin kowa. Mutanen gari suka fasa abin da aka toshe, suka rataya nasu ƙararrawa uku. Shugaban gidan ya kai kuka wurin Sarki Henry na Huɗu, aka miƙa shari'ar ga Thomas Arundel, Babban Bishop na Canterbury. A 1411 ya bar wa gari ƙararrawarsu, da sharaɗin kada a buga su a lokacin da zai dami 'yan zuhudu.

Wannan bai ishe su ba. Tsohuwar hasumiyarsu gajeriya ce kusa da ta maƙwabta. A tsakiyar shekarun 1440 suka rushe tagwayen hasumiyoyin yamma suka fara guda ɗaya mai kusurwa huɗu, da taimakon Sir John Clifton, wani mai ƙasa na yankin. Tsayinta ya kai kimanin mita 43, ta zarce ta 'yan zuhudu. Idan ka duba samanta za ka ga ba a kammala ta ba, babu adon ƙarshe da aka saba yi wa hasumiyoyin Norfolk. A cikin wannan ƙarnin ne kuma suka ɗaga bangon zaure suka ƙara jerin tagogi a sama, suka yi rufin katakon oak mai mala'iku da aka sassaƙa a bakin kowane gungume, suka faɗaɗa zauren arewa har ya zama kamar coci na biyu, suka sa sabon kwamin baftisma na dutse. Tsaya a tsakiyar zaure ka ɗaga kai: hawa biyu na ƙasa bakuna ne masu zagaye, masu kauri, irin na Normandawa na ƙarni na 12, hawa na uku kuwa dogayen tagogi ne na ƙarni na 15. Layin da ke tsakaninsu shi ne inda kuɗin basarake ya tsaya kuɗin gari ya ɗora.

Ba Wymondham kaɗai ba ne. A Sherborne da ke Dorset rigima a kan kwamin baftisma da wata ƙofa da 'yan zuhudu suka ƙuntata ta kai ga cinna wa cocin wuta a 1437.

Yadda sunan Abbey ya samu

Sunan ya zo a makare. Shekara 341 gidan yana reshe. A 1446 shugaban St Albans, John Stoke, ya tura wani ɗan zuhudu mai suna Stephen London ya shugabanci Wymondham, galibi don ya rabu da shi. Da ya so ya dawo da shi, Stephen ya haɗa kai da majiɓincin gidan na lokacin, Sir Andrew Ogard, suka nemi sarki da Fafaroma Nicholas na Biyar. Takardar kafuwar gidan ta bar ƙofar hakan a buɗe tun 1107. A 1448 Wymondham ya zama gida mai zaman kansa, Stephen London ya zama abot na farko, wato shugaban gidan zuhudu mai cin gashin kansa.

'Yancin bai kawo gyara ba. Fita daga hannun St Albans ya sa gidan ƙarƙashin binciken Bishop na Norwich, kuma rahoton ziyarar Bishop James Goldwell a 1492 ya nuna sakaci da ibada da rashin tsari a harkar kuɗi, har shugaban gidan ya sauka. Shekara 90 kacal gidan ya yi da sunan Abbey, amma shi ne ya bi ginin har yau, ko da yake sunansa na farish shi ne cocin Maryamu da Thomas na Canterbury.

Rushewar 1538

A 1535 jami'an Henry na Takwas suka ƙiyasta kuɗin shigar kowane gidan addini a ƙasar. Dokar 1536 ta rufe waɗanda ba su kai fam 200 a shekara ba. Wymondham ya ɗan haura wannan, sai ya ƙara shekara biyu, aka miƙa shi a 1538.

Yadda ake rushe irin wannan gida yana da tsari. Azurfa da zinariya na bagade su ake fara kwashewa zuwa baitulmalin sarki. Sai ƙararrawa, don ƙarfenta. Sai dalmar rufi, wadda ita ce mafi tsada a jikin ginin: a ɓamɓare ta, a narka ta nan take, sau da yawa da katakon kujerun cocin a matsayin makamashi, a zuba ta dunƙule-dunƙule a buga hatimin sarki. Da zarar an cire dalma ba a buƙatar wani ƙoƙari. Ruwa zai shiga tsakiyar bango, sanyin hunturu ya daskarar da shi ya tsaga turmin, katako ya ruɓe. Dutsen Caen kuma a ƙasar da ba ta da dutse kowa yana so, don haka aka riƙa saye ana kwasa.

Bangon da 'yan zuhudu suka gina don su ware kansu shi ya ceci rabin gari. Da aka rushe gabas ba a bar zauren a buɗe ba, domin yana da bangon ƙarshe tun shekara 130 da suka wuce. Hasumiyar mai kusurwa takwas kuma an bar gangar jikinta domin ita ke tokare da wannan bango. Mutanen gari suka tara kuɗi suka sayi wasu sassa daga sarki, ciki har da zauren kudu, wanda suka sake ginawa da faɗi a tsakiyar ƙarnin, suna amfani da duwatsu da tagogin rusassun gine-ginen. Abot na ƙarshe, Loye Ferrers, ya zama na'ibin farish ɗin.

Wakilin sarki a wurin, wani lauya John Flowerdew na Hethersett, ya kwashe dalma da dutse har daga sassan da gari ke cewa ya saya. Cikin waɗanda suka yi tsayin daka a kan cocin akwai Robert Kett, majemi kuma mai ƙasa. A watan Yuli na 1549, lokacin bikin tunawa da Thomas Becket, wato Thomas na Canterbury, a garin, jama'a suka tashi suna tumɓuke shingayen da masu kuɗi suka kewaye makiyayar gari da su. Flowerdew ya ba su kuɗi su je su tumɓuke na Kett, shi kuwa Kett ya tumɓuke nasa da hannunsa ya shige gabansu. Tawayen ya kai ga kama Norwich kafin a murƙushe shi a Dussindale a ƙarshen Agusta. A watan Disamba aka rataye Robert a ganuwar fadar Norwich, ɗan'uwansa William kuma a jikin hasumiyar yamma ta Wymondham. Shingen makiyaya da tsadar rayuwa su ne tushen tawayen, amma gabar Kett da Flowerdew daga dalmar cocin ta faro.

Bangon gabas ya zauna fili babu ado har ƙarni na 20, lokacin da Ninian Comper ya tsara babban allon bagade mai ruwan zinariya da ke rufe shi yanzu, don tunawa da mutanen garin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. An kammala shi a 1934.

Ba kowace alaƙa ce iri ɗaya ba

Idan aka ce maka wani tsohon coci "na 'yan zuhudu ne", tambayi wace irin alaƙa, domin a nan ake yawan ruɗewa. Mafi yawa alaƙar takarda ce kawai: gidan zuhudu yana gabatar da limami ko yana cin ushiri, amma ɗan zuhudu bai taɓa kwana a ƙauyen ba. Labaran ramin ƙarƙashin ƙasa da ake cewa ya haɗa coci da gidan zuhudu kusan kullum magudanar ruwa ce.

Ƙungiyar ma tana da muhimmanci. 'Yan Benedict ba su saba yi wa farish limanci da kansu ba, na'ibi suke sawa. Masu bin ƙa'idar Augustine limamai ne da ke zaman tare, don haka sukan tura ɗaya daga cikinsu ya riƙe farish, kuma cocinsu da yawa sun tsira saboda haka, kamar Cartmel da Bolton a arewacin Ingila. 'Yan Cistercian tun farko sun ƙi karɓar coci da ushiri, suka zauna a daji nesa da mutane, shi ya sa manyan gidajensu irin Fountains da Rievaulx suka zama kango gaba ɗaya: babu farish da zai ce nasa ne. 'Yan Dominic da suka iso Ingila a 1221 da 'yan Francis a 1224 ba su mallaki farish ba sam. Gasa suke yi da limamin farish a wa'azi da sauraron ikirari da binne mamata, har Fafaroma Boniface na Takwas ya yi doka a 1300 cewa su ba shi rubu'in abin da suka samu na jana'iza.

Akwai kuma cocin da ba na gari ba ne amma gari ya saye shi bayan rushewa. Mutanen Tewkesbury sun biya fam 453, ƙimar dalma da ƙararrawa. Romsey fam 100 a 1544. St Albans kanta fam 400 a 1553. Binham, wani reshen St Albans a arewacin Norfolk, ya bi sahun Wymondham: zauren gari yana tsaye, gabas kango. Tunda kana Norwich, ya cancanci ka je ka kwatanta su.

Idan kana so ka binciki wani cocin da kanka

Fara daga waje, ka zagaya ginin kafin ka shiga. Nemi ƙofar da aka toshe a bangon kudu ko na arewa, musamman guda biyu, ɗaya kusa da gabas ɗaya kusa da yamma: hanyoyin shiga farfajiyar zuhudu ke nan. Nemi jerin duwatsu da suka ɗan fito daga bango a tsayin mita uku zuwa huɗu, waɗanda suka taɓa ɗaukar rufin baranda, da tagogin da aka ɗaga sama fiye da na ɗaya gefen don su tsallake wannan rufi. Idan bangon gabas yana da babban baka da aka cike, ko tabon rufi mai siffar tsini a jikin hasumiya ba tare da rufin ba, to akwai ginin da ya tafi. Baka mai zagaye yana nuna kafin wajen 1190, mai tsini bayan haka, taga mai sanduna a miƙe har sama kuma daga ƙarshen ƙarni na 14 zuwa gaba.

Sannan ka koma takardu. Ƙiyasin kuɗin shigar coci-coci na 1291 na Fafaroma Nicholas na Huɗu da na 1535 za su nuna maka ko cocin yana da rekta ko na'ibi, da wanda ke cin ushiri. Rajistar bishop tana ɗauke da sunan kowane limami da wanda ya gabatar da shi, ta Norwich tana ma'ajiyar tarihin Norfolk. Wasiyyoyi su ne mafi amfani wajen sa wa gini shekara: idan mutane da yawa cikin shekara goma suka bar kuɗi don sabuwar hasumiya, ka san lokacin aikin. Amma a kula, wasiyya tana nuna niyya ne, wani lokaci ana tara kuɗin shekaru kafin a aza tubali.

Wurare uku ake yawan zamewa. Na farko, gyaran zamanin Sarauniya Victoria: magina na ƙarni na 19 sun kwaikwayi tsohon salo sosai, don haka dutse mai kaifin baki da launi bai ɗaya abin tuhuma ne. Na biyu, dutsen da aka sake amfani da shi. Tagar zauren kudu a Wymondham ta girmi bangon da take ciki, duk wanda ya sa wa bangon shekarar tagar ya yi kuskure. Na uku, yawancin abin da aka rubuta game da irin wannan rigima daga alƙalamin 'yan zuhudu ko daga ƙarar da suka shigar ya fito, don haka kalmomi irin "tarzoma" da "fasa coci" na mai ƙara ne. Ko shekarun hasumiya mai kusurwa takwas littattafai sun saɓa a kan farkon aikin, wasu suna kai shi shekarun 1370 wasu 1390, domin gini irin wannan yakan ɗauki shekaru da dama ana tsayawa ana ci gaba.

Rabon rekta da na'ibi bai mutu da 'yan zuhudu ba. Waɗanda suka sayi filayen rekta daga sarki sun gaji babban ushiri tare da nauyin gyaran sashen gabas, nauyin kuma ya bi ƙasar daga hannu zuwa hannu. A 2003 kotun ƙoli ta Birtaniya ta lokacin, wato Majalisar Dattawa, ta tabbatar a shari'ar Aston Cantlow cewa masu wata gona a Warwickshire su ne za su biya gyaran sashen gabas na cocin ƙauyen. Shi ya sa har yanzu lauyan mai sayen gida a Ingila yakan bincika ko filin yana ɗauke da wannan nauyi kafin a sa hannu.